Faɗuwar Gaba Da Bugun Zuciya: Abin Da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa

  Kan maganar da aka ba ni yau ya shafi lafiyar jiki ne, wato bugun zuciya, da yadda mutum zai gane in bugun ya rikice. Ina roƙo kowa ya gyara zama, gama kafin mu tashi za mu yi ɗan aiki da hannuwanmu.

Duk wanda ya saba zuwa gaishe da marasa lafiya ya san wannan magana: “Gabana yana faɗuwa.” Wata ta ce zuciyarta tana dukan uku-uku. Wani ya ce yana jin kamar tsuntsu yana fuffuka a ƙirjinsa. Wani kuma ya ce zuciyar takan tsaya cak, sa'an nan ta buga da ƙarfi kamar an doki ƙofa. Mu kuwa amsar da muka saba bayarwa ita ce, “Tunani ne, ki rage tunani.” Wani lokaci lalle tunanin ne. Amma a cikin masu wannan kuka akwai waɗanda bugun zuciyarsu ya rikice da gaske, in kuma ba a lura ba, wata rana sai a wayi gari ɓarin jikinsu ya shanye. Abin da nake so mu koma gida da shi ke nan: yatsu biyu da agogo sun isa su nuna mana wanda ya kamata a kai asibiti, in kuma aka kai shi da wuri akwai magani.

YADDA ZUCIYA TAKE AIKI

Zuciyar mutum ba ta wuce dunƙulen hannunsa girma ba. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ne suke karɓar jini, su miƙa wa na ƙasa. Na ƙasa kuwa su ne majiya ƙarfi, su suke tura jinin zuwa huhu da sauran jiki. Baligi yana zaune bai yi komi ba, zuciyarsa tana tura jini wajen lita 5 a kowane minti. Bugun da likitoci suke ɗauka daidai ga baligi in yana hutawa shi ne daga 60 zuwa 100 a minti. In muka ɗauki 70, to a cikin awa 24 zuciyar ta buga sau 100,800 ke nan, ba hutu, ba ranar kasuwa.

Wa yake ba ta umurnin bugawa? A saman ɗakin dama akwai wani ɗan wuri ƙarami da yake fitar da ɗan lantarki a kai a kai. Waɗansu masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, su suka gano shi a shekarar 1907. Lantarkin yakan bi ɗakunan sama su matse, ya ɗan dakata a wata mashiga da take tsakiya, sa'an nan ya gangara ɗakunan ƙasa su ma su matse. Abin da muke ji a wuyan hannu matsewar ɗakunan ƙasa ce.

Iyayenmu mata za su fi kowa gane wannan. In kuna waƙa, mai kaɗa tulu ita take riƙe da kiɗan, sauran duk ita suke bi. In an so sauri ta ƙara, in an so a sassauta ta rage, amma kiɗan yana nan a tsare. To, ku ce mata goma kowace ta ɗauki tulunta ta kama nata kiɗan dabam. Abin da yake faruwa ke nan a zuciyar da bugunta ya rikice.

FAƊUWAR GABA IRI-IRI CE

Iri na fari shi ne zuciya lafiyayya da take sauri domin akwai dalili. Mai noma, mai dakan hatsi, mai tsoro, mai fushi, duk zuciyarsu takan yi sauri, in dalilin ya wuce ta sauka a hankali. Zazzaɓi yana ƙara bugu wajen 10 a minti a kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki, shi ya sa mai zazzaɓin cizon sauro yake jin ƙirjinsa yana dukansa. Ƙarancin jini ma haka, musamman ga mata masu ciki da masu zubar jini da yawa a lokacin al'ada. Rashin ruwa a jiki lokacin bazara, ko bayan zawo da amai, yana kawo shi. Akwai kuma maƙoƙo irin wanda yake aiki fiye da kima: mutum yana ci yana ramewa, hannu yana rawa, gumi ba ya yankewa. Sai abubuwan da muke sa wa bakinmu da kanmu: goro, shayi mai kauri, kofi, lemun gwangwani na ƙara kuzari da matasa suke sha, taba, giya da burkutu. Waɗansu magungunan mura da na asma su ma suna sa zuciya sauri. A nan maganin shi ne a nemo dalilin a gyara.

Iri na biyu shi ne bugun da yake riga lokacinsa. Wani sashe na zuciya yakan yi azarɓaɓi ya buga kafin a ba shi umurni, sai zuciyar ta ɗan dakata, bugun da ya biyo baya ya zo da ƙarfi. Shi ne mutane suke cewa zuciyarsu ta tsaya. Kusan kowa yana samun irin wannan jefi-jefi, an fi jinsa da dare in an kwanta wuri ya yi tsit. Ga mai lafiyayyar zuciya yawanci ba shi da haɗari. In ya yawaita, ko yana zuwa da jiri, a je a duba.

Iri na uku shi ne wanda yake farawa farat ɗaya kamar an kunna inji, zuciya ta yi ta gudu 150 ko 200 a minti, a tsare ba tangarɗa, sa'an nan ya tsaya farat ɗaya. Ya fi kama matasa da mata, kuma sau da yawa akan ce musu tsoro ne kawai. Wata 'yar hanya ce ta lantarki da ta yi yawa a zuciya, lantarkin yake ta kewayawa a cikinta. Likitoci suna da dabarun tsayar da shi, akwai kuma aikin da ake yi a toshe hanyar gaba ɗaya.

Iri na huɗu shi ne bugun da ya yi jinkiri ƙwarai, kamar 35 ko 40 a minti, tare da jiri, kasala ko suma. Ya fi samun tsofaffi, sa'ad da hanyar lantarkin ta tsufa ta fara yankewa. Maganinsa ɗan batiri ne da ake dasawa a ƙarƙashin fata a ƙirji. Mutumin da aka fara dasa wa irin wannan, Arne Larsson na ƙasar Suwidin, an yi masa aikin a 1958, bai rasu ba sai 2001 yana da shekara 86.

Iri na biyar shi ne ainihin abin da ya sa na tsaya a gabanku.

KARKARWAR ZUCIYA DA SHANYEWAR ƁARIN JIKI

A wannan ciwo ɗakunan sama suna daina matsewa, sai karkarwa kawai suke yi, lantarki yana tashi ta ko'ina sau 300 ko fiye a minti. Mashigar nan ta tsakiya takan tare yawancinsa, abin da ya samu wucewa kuwa ba shi da tsari. Saboda haka in ka taɓa wuyan hannu za ka ji bugu biyu kusa da juna, sai shiru, sai uku da sauri, wani da ƙarfi wani da ƙyar. Ma'aikatan asibiti suna taƙaita sunansa da haruffa biyu, AF. Mu a nan bari mu kira shi karkarwar zuciya. A cikin rikicewar bugu mai daɗewa, shi ya fi yawa a duniya, yana kuma ƙaruwa da yawan shekaru.

Ina haɗarin yake? Ku dubi rafi: inda ruwa yake gudu tsab yake, inda ya kwanta a lungu nan datti yake taruwa. A ɗakin sama na hagu akwai wani ɗan aljihu. In ɗakin ya daina matsewa, jini yakan kwanta a aljihun nan ya daskare ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle, sai ya bi babbar jijiya ya hau kai, ya toshe hanyar jinin ƙwaƙwalwa. Nan take baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu, magana ta ɗauke. Wani dogon bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 1991, ya nuna cewa mai karkarwar zuciya ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki 5. Irin shanyewar da take kawowa kuma takan fi tsanani.

Abin da ya ƙara wa ciwon nan mugunta abu biyu ne. Na ɗaya, mutane da yawa da suke da shi ba sa jin komi, ko kuwa gajiya kaɗan da haki suke ji su ce tsufa ne. Na biyu, a farko yakan zo ya tafi. Ya kama mutum awa biyu da dare, da safe ya je asibiti a auna a ce lafiyarsa ƙalau. Haɗarin gudan jinin kuwa yana nan ko ciwon mai zuwa ya tafi ne.

Su wa ya fi kamawa? Waɗanda suka kai shekara 65, masu hawan jini, masu ciwon suga, masu ƙiba sosai, masu shan giya, masu munshari irin wanda numfashi yake yankewa cikin barci, da masu maƙoƙon da na ambata. A ƙasashenmu akwai ƙarin wani dalili da yake kama har matasa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro mai zafi, ba a ba shi maganin da ya dace ba. Bayan makonni sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ciwon ya taɓa ƙofofin da suke tsakanin ɗakunan zuciya. Shekaru goma ko ashirin daga baya ƙofar ta ƙuntata, ɗakin sama ya kumbura, karkarwa ta shigo. Saboda haka iyaye, ciwon maƙogwaron yaro tare da zazzaɓi abin kai wa asibiti ne, fenisilin kuwa magani ne mai araha.

YADDA AKE ƘIRGA BUGU

Yanzu kowa ya miƙo hannunsa na hagu, tafin yana duban sama. Ka ɗauki yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Kada ka yi amfani da babban yatsa, gama shi ma yana da nasa bugun, zai ruɗe ka. Ka ɗora yatsun a wuyan hannu, ƙasa kaɗan da gindin babban yatsa, inda akwai ɗan kwari kusa da ƙashi. Ka danna a hankali. In ka danna da ƙarfi za ka toshe jijiyar. In ba ka ji ba, ka ɗan matsa gaba ko baya har ka samu.

A gida, ka fara zama minti 5 ka huta tukuna. Kada ka auna bayan aiki, ko bayan ka ci goro ko ka sha shayi. Ka dubi agogo ko waya, ka ƙirga har minti ɗaya cikakke. Waɗansu sukan ƙirga na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu, amma mai neman rikicewa yana bukatar cikakken minti, domin tangarɗar tana iya ɓuya a ɗan gajeren lokaci.

Abu biyu kake nema. Na fari yawan bugun: nawa ne a minti? Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, tsarinsa: yana tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar tafiyar agogo, ko kuwa ba ka iya sanin lokacin da na gaba zai zo? Dabara mai sauƙi ita ce ka riƙa buga ƙafa a ƙasa tare da shi. In ƙafarka ta iya bin kiɗan, a tsare yake. In ta kasa kama shi daga farko har ƙarshen minti, to akwai magana.

Kada mu tsorata da abin da ba ciwo ba. Jariri sabon haihuwa bugunsa yakan kai 100 zuwa 160, yara kuma sun fi manya sauri. Bugun yaro ko saurayi yakan ƙaru in ya ja numfashi, ya ragu in ya sake, wannan alamar lafiya ce. Mai ciki bugunta yakan ƙaru da 10 zuwa 20. Ƙaƙƙarfan manomi ko ɗan ƙwallo yana iya samun 50 da ɗoriya ba tare da wata damuwa ba. Waɗansu magungunan hawan jini ma suna rage bugu.

Mai fama da faɗuwar gaba ya nemi ɗan littafi, ko bayan kalanda, duk sa'ad da abin ya zo a rubuta waɗannan:

1. Rana da lokaci, da abin da yake yi sa'ad da ya fara.
2. Farat ɗaya ya fara ko a hankali, kuma minti nawa ya ɗauka.
3. Bugu nawa aka ƙirga a minti, a tsare ko a rikice.
4. Abin da ya zo tare da shi: jiri, haki, ciwon ƙirji, gumi ko suma.
5. Abin da ya ci ko ya sha a ranar, har da maganin gargajiya.

In mai ciwon bai iya rubutu ba, jikansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Wannan takarda tana da daraja ƙwarai wurin likita, domin sau da yawa kafin a kai asibiti abin ya riga ya lafa.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Yatsu suna nuna alama ne kawai. Abin da yake tabbatarwa shi ne gwajin da ake kira ECG, wanda yake zana lantarkin zuciya a kan takarda. Wani likita a ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ya ƙera na'urar a wajen 1903, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924. Tasa na'urar ta kai kilo 270 nauyi, mai gwajin kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri. Ta yau kuwa ana ɗaukarta a hannu. Za a manna maka 'yan wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, cikin 'yan mintoci an gama. Ba allura, ba zafi, kuma na'urar ba ta sa wa mutum lantarki, sauraro kawai take yi. Ina faɗin haka domin akwai tsofaffin da suke gudun gwajin don tsoron wuta za ta ja su.

In kana da hali, ka je a yi gwajin a lokacin da abin yake kanka. In kuwa an yi an ce ba a ga komi ba alhali abin yana dawowa, ka nuna takardarka, ka tambaya ko za a ɗaura maka Holta. Wata 'yar na'ura ce da ake rataya wa mutum ya tafi gida da ita, tana rubuta kowane bugu na awa 24 ko 48. Sunan wanda ya ƙirƙiro ta ne, Norman Holter na Amurka, wanda ta farkon da ya haɗa a ƙarshen shekarun 1940 sai da aka goya ta a baya, gama nauyinta ya kai kilo 38. Yawanci a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci ake samunta. Likita zai iya neman gwajin jini domin duba ƙarancin jini da aikin maƙoƙo da ƙoda, da kuma hoton zuciya irin wanda ake yi wa masu ciki, domin a ga ƙofofin.

Matasa za su tambaye ni batun agogon zamani. Tun 2018 kamfanin Apple ya fitar da agogon da yake ɗaukar irin wannan zane daga wuyan hannu, waɗansu kamfanoni kuma suka bi sahu. A wani bincike da aka buga a 2019, wanda mutane fiye da 400,000 suka shiga a Amurka, agogon ya gargaɗi kimanin mutum 1 cikin 200. A cikin waɗanda aka manna wa na'urar asibiti daga baya, an kama karkarwar a wajen kashi ɗaya cikin uku. Darasin shi ne gargaɗin agogo dalilin zuwa asibiti ne, shirunsa kuma ba shaidar lafiya ba ce. Abin da ya fi kusa da aljihunmu shi ne na'urar awon hawan jini mai batiri. Da yawa daga cikinsu suna nuna wata 'yar alama in sun ji bugun ya rikice. In alamar tana fitowa a kai a kai, kada a ce na'urar ce ta lalace, a taɓa wuyan hannu a ƙirga.

ALAMUN DA BA A JIRA

In faɗuwar gaba ta zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko suma, ko jiri mai duhunta ido, a nemi abin hawa nan take, ko dare ne. Haka in bugun ya wuce 120 mutum yana zaune ya ƙi sauka, ko ya yi ƙasa da 40. Haka kuma in baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin 'yan mintoci. Maganin da yake narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayarwa, saboda haka a lura da lokacin da abin ya fara. Kada a ɗura wa mai shanyewa ruwa ko magani a baki, yana iya shaƙewa.

Iyayenmu mata, ga naku. Akwai ciwon raunin zuciya da yake kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa yana da yawa ƙwarai a yankin, wajen mace 1 cikin 100 da suka haihu. A lokacin sun zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya, wanda likitocin Kano suka jagoranta, ya fi karkata ga rama, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam, da hawan jini na lokacin ciki. Mai jegon da gabanta yake faɗuwa, ƙafafu suka kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta asibiti a ranar.

Ku kuma matasa, suma a tsakiyar gudu ko wasa ba abin dariya ba ne. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989, Nijeriya tana wasa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a garin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003, yana da shekara 28, aka gano naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima. Amma Christian Eriksen na Denmak, da zuciyarsa ta tsaya a fili ranar 12 ga Yuni 2021, an danna masa ƙirji nan da nan, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu, har ya koma wasa a 2022. Bambancin yana cikin mintocin farko. In mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a yi ta dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga neman taimako. Wanda a danginsu aka taɓa yin mutuwar farat ɗaya ƙasa da shekara 40, ya gaya wa likita.

AKWAI MAGANI

In an tabbatar da karkarwar zuciya, likita zai duba shekarun mutum da sauran cututtukansa, ya ga ko yana bukatar maganin tsinka jini. Tsohon maganin, warfarin, yana rage haɗarin shanyewa da kusan kashi biyu cikin uku. Sai dai yana bukatar gwajin jini a kai a kai, kuma abinci yana taɓa shi: mai shansa ya ci zogale da alayyafo da miyar kuka yadda ya saba, kada ya ci tuli yau gobe ya daina. Daga wajen 2010 an samu sababbin magunguna da ba sa bukatar wannan gwaji, amma sun fi tsada. Ga masu karkarwar da ciwon ƙofar zuciya ya kawo, wani bincike na 2022 da aka yi da mutane fiye da 4,500 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ya nuna tsohon maganin ya fi sabon da aka gwada shi da shi. Asfirin kaɗai ba ya wadatarwa. Mai shan maganin tsinka jini kuma kada ya haɗa da garin maganin ciwon kai na ƙunshi, ko magungunan ciwon jiki na kemis, ko jiƙo, sai ya tambayi likita, gama jini yana iya ɓallewa. Ko ana azumi, ko an ji sauƙi, ba a dainawa sai likita ya ce. Akwai kuma magungunan rage gudun zuciya, da hanyoyin mai da bugun kan tsarinsa.

'Yan'uwa, a nan maganar ta taɓa aikinmu. Mun san in gaba yana faɗuwa, ko mutum ya kwanta lafiya ya tashi da mataccen hannu, abin da ake fara cewa shi ne jifa ne, ko sammu, ko iska ta buge shi. Daga nan sai a fara duban maƙwabci ko kishiya ko wata tsohuwa da mugun ido, zumunci ya lalace a banza, mai ciwon kuma yana kwance lokaci yana wucewa. In an kira mu addu'a, mu je mu yi da dukan zuciya. In mun ce amin, mu kama wuyan hannun mai ciwon mu ƙirga, mu kuma taimaka da kuɗin mota. Waɗanda suka ga tashin hankali, da gwauraye, da masu bin bashi a kansu, faɗuwar gabansu sau da yawa daga damuwa take, suna kuma bukatar mai zama ya saurare su. Amma su ma a fara aunawa tukuna kafin a ce damuwa ce, gama mai baƙin ciki ma yana iya samun ciwon zuciya.

Ga shawarata ga kowace ikkilisiya. A nemi mutum biyu, namiji da mace, in akwai nas ko ma'aikacin lafiya a cikinmu ya koya musu sosai. A haɗa kuɗi a sayi na'urar awon hawan jini guda ɗaya da littafin rubutu. Sau ɗaya a wata, bayan sujada, duk wanda ya kai shekara 65, da duk mai hawan jini ko ciwon suga, ya zauna a auna shi, a taɓa wuyan hannunsa na minti ɗaya. Wanda aka ji nasa a rikice, a rubuta masa takarda, a kuma sa wani ya raka shi asibiti cikin makon. Masu awon su riƙe amana, ciwon mutum ba abin hira ba ne. Kada kuma su ba kowa magani. A kai ga tsofaffin da ba sa iya fitowa, a kuma buɗe ƙofa ga maƙwabta, gama ciwon nan bai san wannan namu ne wancan nasu ba.

Yau da dare, kafin a kwanta, kowa ya zaunar da tsohon da yake gidansa ya ƙirga masa minti ɗaya, ya rubuta abin da ya samu. Wanda ya ji abin da bai gane ba, ya kai shi asibiti mafi kusa ya nemi a yi masa gwajin.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma kai kowa gida lafiya. Amin.